Daɓen Ƙofar Gidanmu na Maamobi

Kafin in sayi gidanmu na Maamobi sai da na je dubawa sau uku, kowane zuwa da abin da ya kai ni. Ni tela ne, kakin 'yan gadi da na 'yan makaranta nake ɗinkawa a rumfata ta Kasuwar Malam Atta, kuma a sana'armu ba a sa almakashi sai an gama awo. Zuwan farko rufi na duba, na hau tsani na ga inda kwano ya yi tsatsa. Na biyu na bi bango ɗaki-ɗaki ina ƙwanƙwasawa. Na uku na tafi da dattawa biyu, aka karanta takardar fili, maƙwabta suka nuna iyaka. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da ajin manya na shekara biyu, amma ban taɓa sa hannu a kan abin da ban gane ba. Na duba sama, na duba gefe. Abin da ƙafata ke takawa ne ban duba ba.

A farkon shekarun alif ɗari tara da sittin ne. A lokacin, gida mai masai na kansa abin nunawa ne a unguwanninmu na Zongo, Nima da Maamobi. Yawancin mutane layi suke bi a masan unguwa da buta a hannu. Masu ɗan hali kuwa bokiti ake sa musu a ƙarƙashin katako, masu kwasa su zo su ɗauke. Wannan gida ba layi ba bokiti. Akwai ɗan ɗaki a can ƙuryar baya, an daɓe shi da siminti, ramin yana da lanƙwasa, in ka gama ka zuba ruwa komai ya wuce. Wanda ya gina gidan tsohon kukun Turawa ne, ya rasu, ɗan ƙanensa ya zo daga arewa ya sayar. Na tambayi magajin, "Ramin yana da zurfi?" Ya ce, "Tun da na zo dai bai cika ba." Bai yi mini ƙarya ba. Ni ma ban ƙara tambaya ba, domin a garinmu ramin masai yana ƙarƙashin mai tsuguno ne. Haka na sani, haka ubana ya sani. Bai taɓa zuwa mini a rai cewa ƙazanta tana tafiya ba.

Mun tare da wata guda sai na ɗauko surukina, mahaifin matata. Bagobiri ne, fataucin goro ya yi shekara talatin har gwiwoyinsa suka gaza. 'Ya'yansa maza biyu duk sun riga shi gidan gaskiya, matarsa ma haka. Yana zaune a ɗakin haya a Nima, babu mai dafa masa. Kowa ya san zama a gidan mijin 'ya abin kunya ne ga dattijo, kuma sau biyu yana ƙin tayin. Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin a ba shi ɗakin bakin ƙofa, wanda ƙofarsa ke kallon waje, don kada ya riƙa ratsa tsakar gida. Watanninsa na farko ba ya fita, ba ya magana. Masallaci yana can ƙasan gangare, sai an tsallake kwata, gwiwarsa ba ta kai shi. Abinci in an kai masa sai ya ci rabi ya ture, kamar mai jin nauyin kowace loma.

A hagun ƙofar gidan akwai wani daɓen siminti, tsawonsa kamar tabarma uku, faɗinsa biyu, ya ɗan tashi daga ƙasa. Sumul yake, babu tsaga. A unguwar da ko'ina jar ƙasa ce da taɓo, wannan ne wuri mafi tsabta da ido zai gani. Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar da tsohon ya share shi, ya shimfiɗa buzunsa yana la'asar. Washegari wasu 'yan kaya-kaya biyu, Zabarmawa masu dako a kasuwa, suka ajiye kayansu suka bi shi. Kafin sati uku an kai sahu biyu. Na sayo tabarmi, na ajiye randa da butoci. Mutane suka fara ce masa Liman. Ana kawo masa yara ya yi musu addu'a, ana tambayarsa hukunci, don ya yi karatu daidai gwargwado. Ya soma cinye abincinsa. A wurin nan ya daina zama tsohon da ke cin arzikin suruki, ya zama mutumin da ake zuwa wurinsa.

Haka aka yi wata bakwai.

Da damina ta kankama, abubuwa suka zo bi da bi. Da farko ruwan da ake zubawa a masai ya daina wucewa da sauri. Sannan ciyawa ta fito kore shar a gefen daɓen, ta fi ta ko'ina. Sannan wari, wanda duk muka ɗora wa kwata, don kwatar Maamobi ba ta taɓa rasa laifin da za a ɗora mata ba. Da masai ya ƙi wucewa gaba ɗaya, na yi cigiya aka ce wanda ya yi wa marigayi aikin wani magini ne mutumin Togo, yana zaune a Kotobabi. Na je na ɗauko shi ranar Talata bayan azahar, tsohon yana ƙailula a ɗaki.

Maginin ya leƙa masan sau ɗaya kawai. Na ce masa a haƙa ramin a kwashe. Ya yi dariya.

"Maigida, rami ba ya nan," in ji shi, da Hausarsa ta kasuwa. "Ya na waje. Zo ka gani."

Ya ɗauki sandar ƙarfensa ya bi tsakar gida yana soka ƙasa, ni ina bin sa. Ya wuce murhu, ya wuce igiyar shanya, ya fita ƙofa. Ya tsaya a bakin daɓen, ya ɗaga tabarma da bakin sanda, ya buga simintin. Ƙarar ta fito kamar an buga tulun da ba komai a ciki.

"Ga shi. Ni ya yi shi."

Ya yi mini bayani, ni kuma na sa ya maimaita don in riƙe. Bututu ne ya taso daga masai ta ƙarƙashin ƙasa ya zubo cikin tanki mai ɗaki biyu. Mai nauyi ya kwanta a ɗakin farko, ruwa ya tsallaka na biyu, daga nan ya wuce wani rami cike da duwatsu inda ƙasa ke shanye shi. Marigayi a gidajen Turawa ya ga irinsa. Ya sa an yi tankin a ƙofa saboda can ne gangare, kuma don masu kwasa kada su shiga cikin iyali. Ya sa an shafe murfin da siminti don kada yara su ɗaga. Duk hikima ce da kirki. Sai dai ya mutu bai gaya wa kowa ba, maƙwabtan kuma duk bayan ginin suka zo. Ba a taɓa kwashewa ba, ga ƙasa ta ƙoshi da ruwan sama. Har ya nuna mini wani siririn bututu da ya hau bango, wanda nake zaton na ruwan rufi ne, ya ce ta nan tankin ke numfashi.

Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini zai sayi gida, nakan ce masa ya fara daga masai. Ya zuba bokitin ruwa ya ga yadda yake wucewa, ya tambayi inda yake zuwa, ya sa a kai shi wurin da ƙafa, a nuna masa murfi, a gaya masa yaushe aka kwashe. In mai sayarwa bai sani ba, a nemo wanda ya gina. Kuma duk simintin da ya ga ya fi wurin kyau, ya buga ya saurara.

Maginin ya dubi tabarmin da butocin, ya dube ni, dariyarsa ta ɗauke. Ba musulmi ba ne, amma ya gane. Ya ce zai kawo ma'aikata ranar Asabar.

Yanzu sai faɗa wa tsohon. Ni surukinsa ne. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa zama a tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa cin abinci yana gani ba. In zai ba ni saƙo sai ya ce wa wani, "A gaya wa mai gidan," ko da ina tsugune a gabansa. Kalmar masai ma ba ta fita daga bakina a inda yake. Na shiga wurin matata na gaya mata. Ta ajiye muciya ta dafe kai.

"Sai ki gaya masa," na ce.

"Ni? Malam, 'yar farinsa ce ni. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. In tsaya a gabansa in ce masa me? In ce Baba, goshinka a kan mene ne?"

Muna cikin haka na ji an tayar da iƙamar la'asar. Na fita na shiga sahu. Ba zan ɓoye wannan ba. Na san abin da ke ƙarƙashinmu, na yi sujada a bayansa. Na ce a raina sai bayan magariba. Bayan magariba na ce sai da safe. Laraba na wuni a rumfa ina ɗinkin da ba na gaggawa ba. Ni da nake wa mutane faɗa a kan jinkiri, na kwana biyu da magana a baki.

Ranar Alhamis na nufi wurin amininsa, wani tsohon Bayarabe mai sayar da kwanuka da fitilu a kasuwarmu. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma abin da ba mai iya faɗa wa mutum, abokin wasansa zai faɗa. Da na gaya masa, ya yi dariya har ya riƙe teburin kwanuka. Sai kuma ya share ido.

"Wannan zai taɓa shi," ya ce. "Rufe mini shago, mu tafi."

Mun isa bayan azahar. Ya shiga ɗakin ba sallamar kirki, ni na cire takalmi na tsuguna a bakin ƙofa.

"Bawana, kana nan kana cin tuwon banza?"

"Wa ya kwance Bayarabe da rana tsaka? Manja ya ƙare ne?"

"Manja na nan. Na zo ganin limamin da ya fi kowa ɗaukaka ne. Wasu a ƙasa suke salla, kai a kan murfin tukunya."

"Wace tukunya?"

Bayaraben ya sauke murya ya gaya masa, tiryan-tiryan, babu wasa a ciki.  Na ji carbi ya daina motsi.

"A kira mini mai gidan."

"Ga ni, Baba."

"Yaushe aka sani?"

"Talata, Baba. Bayan azahar."

"Yau me?"

"Alhamis."

Ya ƙirga da yatsunsa a hankali, ina ganin hannun ta gefen labule. Salla goma.

"Wata bakwai ɗin ba su dame ni ba," ya ce. "Tabarma mai tsarki ce, siminti ya raba, kuma Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Salla ta yi. Ba ita nake tambaya ba." A karon farko ya ɗaga labulen ya dube ni ido da ido. "Kana gani ina kai goshina wurin, ina jan bayin Allah a bayana. Ka sani, ka yi shiru."

"Kunya ce, Baba."

"Kunyar ta hana ka faɗa, ba ta hana ka kallo ba."

Na sunkuyar da kai, ya saki labulen. 

Da la'asar bai bari wani ya yi masa magana ba. Ya sa aka naɗe tabarmin, ya tsaya da sandarsa a gefen daɓen ya gaya wa mutane da bakinsa. Wani ya ce, "Shi ya sa! Ni da na ce kwatar nan ta canza hali." Aka yi 'yar dariya. Wani ya tambaya ko za a rama salloli, ya ce ba ramuwa, ya faɗi dalili. Babu wanda ya ci masa fuska. Amma suka ɗauki takalmansu suka gangara masallacin ƙasa, shi ya koma ɗaki. Kafin Juma'a labari ya gama unguwa, kuma mutanen Zongo ba sa barin abin dariya ya kwana. Matata ta jiyo a bakin famfo ana cewa limamin shadda.

Asabar maginin ya zo da mutum huɗu. Aka fasa simintin, aka ɗaga murfi. Sun wuni suna kwasa da bokiti, kyalle ɗaure a hanci, ba wanda ya yi ƙorafi. Na ba su sabulu da ruwa, matata ta dafa musu abinci, kuma tun ranar ban ƙara yarda a raina masu wannan aiki a gabana ba. Warin ya kai gida biyar. Duk wanda bai ji labari ba, ya ji da hancinsa. Tsohon bai leƙo ba.

Da yamma Bayaraben ya kira ni gefe. Ya ce amininsa ya yanke shawarar komawa arewa, wurin wani ɗan ɗan'uwansa da rabonsa da shi shekara ashirin. Motar goro za ta tashi Talata. Ya riga ya ɗaure kayansa.

"Mutumin da ba ya iya tsallake kwata," in ji Bayaraben, "shi zai yi kwana da kwanaki a kan buhun goro. In ya isa ma, wa ya san shi a can? Amma ya ce ba zai zauna yana cin tuwon gidan da ba ya da amfani a ciki ba."

Matata ba ta yi kuka ba. Ta karɓo rigunansa ta wanke, suka bushe, ta sake wankewa.

Na zauna na tsara abin da zan yi. Tanki an kwashe. Ramin duwatsu na sa a faɗaɗa. Murfi na ce a bar shi a fili da mariƙin ƙarfe, a kewaye wurin da bulo layi biyu, don kowa ya san mene ne. Waɗannan aikin magini ne. Na ƙarshen nawa ne, kuma ba a aika wani. Ranar Lahadi na je na tsuguna a ƙofarsa, Bayaraben yana ciki.

"Baba, na yi laifi. Ina neman gafara."

Ya ci gaba da jan carbinsa.

"Akwai fili a hannun dama, ƙarƙashin darbejiya. Ina so a yi sabon daɓe. Ba za a zuba siminti ba sai an haƙa a gabanka, ka ga abin da ke ƙasa."

"A gaya wa mai gidan kada ya wahalar da kansa," ya ce wa amininsa. "Ni matafiyi ne."

"Ka ji ko?" in ji Bayaraben. "Bar shi. Bagobiri ko a kan dutse ka ajiye shi sai ya nemo shadda. Haƙa abinka, ni zan zo in yi limanci."

"Kai? Fatiharka ma da barkono take fita."

Bai ce a haƙa ba, bai ce a bari ba. Na ɗauki wannan a matsayin izini.

Litinin da hantsi aka fara. Zabarmawan nan biyu da suka fara bin sa salla, su na nema, suka ajiye dako suka zo da diga da shebur. Tsohon ya zauna a bakin ƙofarsa kamar mai shan iska, ƙullin kayansa a bayansa, fuskarsa na kallon hanya. Amma duk shebur ɗin da aka watso sai idonsa ya bi. Aka kai gwiwa, jar ƙasa. Aka kai ƙugu, saiwar darbejiya da fasasshiyar kwalba. Na ce ya isa.

"A ƙara," ya ce, ba tare da ya juyo ba.

Aka kai ƙirji. Bayaraben ya leƙa ramin ya ce, "Bawana, masallaci ake nema ko rijiya? In ka ci gaba za ka ɓullo Gobir ba kuɗin mota."

Tsohon ya miƙa hannu. Ɗaya daga cikin masu haƙar ya ɗebo ƙasa daga can gindin ramin ya zuba masa a tafi. Ya murza ta da yatsa, ya kai hanci, ya daɗe yana shinshinawa. Sannan ya kakkaɓe hannunsa a hankali.

Rana ta karkata. Zabarmawan suka fito daga rami, suka wanke jiki a randa, suka yi alwala. Babbansu ya ɗauko tabarma ɗaya daga cikin waɗanda aka jingine, ya shimfiɗa a kan ƙasa tsakanin ramin da bishiya.

"Baba Liman, lokaci ya yi."

"Masallaci na ƙasa."

"Da wannan taɓon a ƙafa? Su kore mu. Taso, Baba, aiki na jira."

Suka tsaya a bayan tabarmar, kafaɗa da kafaɗa, suna jira. Bayaraben ya cire takalmi ya shiga kusa da su yana gunaguni. Ni ma na tsaya a ƙarshe. Mun daɗe a tsaye, har na fara jin zafin ƙasa a tafin ƙafata. Sai na ji ƙarar sandarsa.

Mu huɗu ya ja a azahar ɗin. Da aka sallame ya yi addu'a gajeriya, ya dogara sanda ya miƙe, ya tsaya a bakin ramin yana kallon ciki. Sannan ya yi magana, kuma ba ta bakin kowa ba, da ni yake.

"In an cike, kada a zuba siminti nan da nan. A jiƙa, a daddaɓe, a bar ƙasa ta kwana uku ta zauna. In ba haka ba zai tsage."

"To, Baba."

"Ni zan duba kafin a zuba."

Washegari motar goro ta tashi ba da shi ba.